Titin Keke A Kan Kufan Layin Dogo: Riƙon Amana Ko Cin Gado?

A ranar 29 ga watan Yulin 2024, Ministar Kuɗi ta Birtaniya, Rachel Reeves, ta miƙe a zauren majalisar dokokin ƙasar ta karanto jerin ayyukan da sabuwar gwamnatinsu ta jam'iyyar Leba ta yanke shawarar jinginewa, bisa hujjar cewa gwamnatin da suka gada ta ɗauki alkawuran da babu kuɗin cika su a baitulmali. Cikin waɗanda wuƙar ta faɗa wa har da wani shiri na fam miliyan 500 da aka ƙaddamar a shekarar 2020 domin farfaɗo da tsofaffin layukan dogo da aka rufe tun fiye da rabin ƙarni. Labarin bai samu gurbi a kafafen watsa labaranmu ba, kuma ban ga laifinsu ba, domin damuwar da ke gabanmu ta ishe mu. Amma ni dai ya tsaya mini a rai, saboda ya shafi wani yanki da na taɓa ratsawa a kan keke, kuma ya sake tono wata tambaya da mu ma a nan take jiranmu ko mun so ko mun ƙi: idan jirgi ya daina bin layi, me ya kamata a yi da filin da layin ke kwance a kansa?

Yankin da nake magana a kai shi ne gundumomin Devon da Cornwall, waɗanda suka miƙe kamar ƙafa cikin teku a kusurwar kudu maso yammacin Ingila, ruwa ta arewa, ruwa ta kudu. Ƙasa ce ta tuddai da kwaruruka, wadda koguna irin su Taw da Torridge da Camel da Exe suka tsattsaga, kowannensu in ya doshi teku sai ya buɗe baki ya yi faɗi, ruwan teku ya riƙa shigowa yana janyewa sau biyu a kowace rana, yana barin filin laka da tsuntsaye ke kiwo a kai. Titunan ƙauyukan wurin matsattsu ne ƙwarai, an yi musu dogon shinge hagu da dama, ga kwana-kwana ga hawa da gangara, ta yadda mai keke ba ya ganin motar da ke tafe sai ta iso gabansa. Daga Yuni zuwa Agusta kuwa, lokacin da masu hutu ke kwararowa bakin teku daga Landan da sauran manyan birane, cunkoson sai wanda ya gani. Duk da haka, a wannan yanki ne ake samun wasu daga cikin hanyoyin keke mafiya tsawo a Birtaniya waɗanda mota ko babur ba su da izinin hawa, kuma galibinsu a kan kufan layin dogo aka shimfiɗa su.

Wasu shekaru da suka wuce wani ɗan gajeren kwas ya kai ni birnin Exeter, sai na ware ranar Asabar guda na hau jirgi zuwa garin Barnstaple, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci, inda layin da ke aiki ya tsaya. A nan tasha na karɓi hayar keke, na kama hanyar da suke kira Tarka, sunan wani karen ruwa da marubuci Henry Williamson ya gina littafinsa na 1927 a kansa. Rabona da hawa keke tun ina makarantar sakandare, amma ban ci kilomita biyu ba ƙafafuna suka tuna aikinsu. Na bi gaɓar kogin Taw, na wuce Fremington, tsohuwar matsayar jiragen ruwa da a da ake lodin yumɓu da sauke kwal a cikinta, inda yanzu ake sayar da shayi a mazaunin tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Na isa Instow, inda Taw da Torridge ke haɗuwa, na tarar da ɗakin mai ba jirgi hannu yana nan tsaye an shafe shi da fenti kamar gobe jirgi zai zo. Daga nan na bi Torridge har Bideford, garin da ke da tsohuwar gada mai baka 24. Kimanin kilomita 15 ke nan ba tare da wata mota ta kore ni gefe ko sau ɗaya ba. Abin da na gani shi ne uwa tana jan 'ya'yanta biyu a ɗan amalanke bayan kekenta, da dattawa masu furfura suna tafe a natse, da wani a keken guragu, da yaran da ba su wuce shekara shida ba suna tsere a gaban iyayensu, babu wanda ya ɗaga murya ya ce su yi hattara.

Mai karatu na iya tambaya, ta yaya aka samu shimfiɗaɗɗiyar hanya a ƙasa mai tuddai haka? Amsar tana wurin injiniyoyin ƙarni na 19. Ƙafar jirgi ƙarfe ce tana gudu a kan ƙarfe, ba ta da riƙon da tayar roba ke da shi a kan kwalta, saboda haka jirgi ba ya iya hawan tudu mai tsauri. Dole masu shimfiɗa layi suka bi kwarin kogi da gaɓar teku, inda suka ci karo da tudu su fasa shi ko su huda shi, inda suka tarar da kwari su cike shi ko su ɗora gada. Wannan aiki mai cin dukiya da gumi an riga an gama shi tun zamanin Sarauniya Biktoriya. Layin Bodmin zuwa Wadebridge a Cornwall ma tun 1834 aka buɗe shi, shekara uku kafin ta hau gadon sarauta. To, abin da jirgi ke buƙata shi ne ainihin abin da mai keke ke nema, wato hanya marar hawa, mai shiga tsakiyar garuruwa, wadda ta keɓanta daga titin mota. Ke nan wanda ya gaji kufan layin dogo ya gaji aiki mafi tsada a shirye, abin da ya rage masa kawai shi ne ya share ciyawa ya zuba kwalta ko tsakuwa mai faɗin mita biyu zuwa uku.

Yadda layukan suka zama kufai kuwa labari ne da har yau ke tayar da jijiyoyin wuya a Birtaniya. A watan Maris na 1963, Dokta Richard Beeching, shugaban hukumar jiragen ƙasa, ya fitar da wani rahoto a lokacin da hukumar ke tafka asara, motoci sun yawaita a hannun jama'a, manyan motoci kuma sun ƙwace dakon kaya. Ya ba da shawarar a rufe kimanin mil 5,000 na layi, wato kusan kilomita 8,000, da tashoshi 2,363. Ministan sufuri na lokacin, Ernest Marples, da kamfanin gina tituna ya yi arzikinsa, abin da ya sa mutane da dama har gobe ba su yarda cewa an yi wa jirgi adalci a wannan shari'a ba. Devon da Cornwall na cikin waɗanda suka fi jin jiki a shekarun da suka biyo baya. Jirgin fasinja ya daina zuwa Bideford da Torrington a 1965, ya daina zuwa Padstow a 1967, aka katse layin da ke zagaye tsaunukan Dartmoor ta garin Tavistock a 1968, na Ilfracombe ya bi sahu a 1970. Jiragen kaya sun ci gaba da jan yumɓu a wasu sassan har zuwa 1982 a kwarin Torridge, da 1983 a kwarin Camel, daga nan sai shiru.

A nan ne hanya ta rabu biyu, kuma a ganina wannan rabuwa ita ce ƙashin bayan maganar baki ɗaya. Wasu filayen layin an yanyanka su an sayar wa manoma da masu gine-gine, an rushe gadoji an sayar da ƙarafunan a kilo. Wasu kuwa majalisun gundumomi suka saye su a dunƙule suka ajiye. A shekarar 1977 wasu masu kishin keke a birnin Bristol suka kafa wata ƙungiya wadda daga baya ta shahara da sunan Sustrans, bisa jagorancin wani injiniya, John Grimshaw, kuma tsakanin 1979 da 1986 suka mayar da tsohon layin Bristol zuwa Bath titin keke da masu tafiya a ƙasa, galibi da ƙarfin 'yan sa-kai. Da aka ga abin ya karɓu sai wasu suka kwaikwaya. Majalisar gundumar Devon ta sayi layin Taw da Torridge ta buɗe shi kashi-kashi daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990, hukumomin Cornwall suka yi haka da layin Camel. A 1995 kuma Sustrans ta samu tallafin fiye da fam miliyan 40 daga asusun cacar ƙasa domin ta ɗinke irin waɗannan hanyoyi su zama tsari guda a faɗin Birtaniya.

Sakamakon haka, a yau mutum na iya tashi daga Braunton, kusa da manyan tuddan rairayin bakin teku, ya bi ta Barnstaple da Bideford da Torrington har Meeth, kimanin mil 30, kusan kilomita 50, bai haɗa hanya da mota ba sai a 'yan wuraren tsallakawa. A Cornwall hanyar Camel ta tashi daga garin masunta na Padstow, ta bi bakin kogi zuwa Wadebridge, ta shiga daji zuwa Bodmin da Wenfordbridge, mil 18, kimanin kilomita 29. Kada wanda ya ji Turanci ya zaci raƙumi aka taɓa kiwo a wurin; sunan daga tsohon harshen mutanen Cornwall ya fito, ma'anarsa kogi mai lanƙwasa. Akwai kuma wadda ta tashi daga Okehampton zuwa Lydford, mil 11, ta kan doguwar gadar ƙarfe ta Meldon da aka gina a shekarun 1870, da wata daga Tavistock zuwa Plymouth. Idan aka haɗa waɗannan na Devon, ana samun hanya mai lamba 27 da ta ratsa gundumar daga tekun arewa a Ilfracombe zuwa tekun kudu a Plymouth, kimanin kilomita 160, wadda fiye da kashi biyu cikin uku nata babu mota.

Ko maƙiyin keke ba zai musanta amfanin da aka samu ba. An ƙiyasta cewa kimanin mutum 400,000 ke bin hanyar Camel kaɗai a kowace shekara, kuma duk wanda ya shiga Wadebridge zai ga shagunan hayar keke jere a bakin hanyar, kowanne da ɗaruruwan kekuna. Hikimar abin a fili take. Mai mota yakan wuce ƙauye ya bar masa ƙura, mai keke kuwa yunwa da ƙishirwa da gajiya na tsayar da shi duk bayan 'yan kilomitoci, ya sha shayi a nan, ya ci abinci a can, ya yi faci, in dare ya yi ya nemi masauki. Kuɗinsa a hannun ƙananan 'yan kasuwa yake zuba, a garuruwan da ba su da bakin teku mai jan masu hutu. Ga kuma mazauna wurin da ke zuwa aiki ko makaranta a kan hanyar, da tsofaffin da likita ya ce su riƙa motsa jiki, da tsirrai da tsuntsayen da suka samu mafaka a gefenta tun da aka daina feshe ciyawar layi.

Sai dai akwai sharaɗi guda da duk wannan alheri ya rataya a kansa, wato rashin mota. Ita kanta Sustrans ta gane haka bayan ta sha wuya. A cikin ɗokin faɗaɗa tsarinta ta riƙa kafa alamar keke a kan titunan mota na yau da kullum tana ƙirga su cikin hanyoyinta, har tsawon tsarin ya haura mil 16,000. Da ta yi wa kanta bincike a 2018 sai ta tarar kashi ɗaya cikin uku ne kawai babu mota a kai, kuma wani babban kaso na sauran bai cancanci a tura yaro ko sabon mahayi kansa ba. A 2020 ta cire ko ta sauya wa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsarin matsayi. Wannan ikirari ne mai nauyi daga bakin masu abin: allo da fenti ba sa mayar da titin mota ya zama titin keke. Uwar da na gani tana jan 'ya'yanta a gaɓar Taw ba za ta taɓa fitowa da su ba in da akwai ko da motar ɗaukar yashi guda da za ta iya biyo bayanta.

To, tunda an yabi abin da ya cancanci yabo, bari kuma a juya ɗaya gefen kwabon. Yawon buɗe ido sana'a ce ta 'yan watanni, aikin da take samarwa kuma galibi na wucin gadi ne mai ƙaramin albashi. Cornwall ta kasance cikin yankunan da Tarayyar Turai ta riƙa ba tallafi na musamman tun daga shekarar 2000 saboda abin da take samarwa bai kai kashi 75 cikin ɗari na matsakaicin ƙasashen tarayyar ba, ƙaramar hukumar Torridge, inda Bideford take, ita ma ta sha fitowa a sahun ƙasa a jadawalin albashi na Ingila. Kyan wurin da ke jawo baƙi shi ne kuma ke sa masu hannu da shuni daga birane su sayi gidaje su rufe sai lokacin hutu, har ɗan gari ya kasa samun ɗakin haya a mahaifarsa. Abin ya yi ƙamari har mutanen St Ives suka kaɗa ƙuri'a a 2016 cewa duk sabon gidan da za a gina sai dai a sayar wa mai zama a cikinsa dindindin, daga Afrilun 2025 kuma majalisar Cornwall ta ninka harajin gida a kan irin waɗancan gidaje na hutu. Saurayin Bideford da ke neman aiki mai tsoka ko gurbin karatu a Exeter, hanyar Tarka ba ta magance masa komai ba. Keke ba zai kai shi tafiyar kilomita 70 kowace safiya ba, balle cikin ruwan sama da duhun hunturu. Shi jirgi yake buƙata, jirgin kuma rabonsa da ɗaukar fasinja a garinsu tun 1965.

Abubuwa biyu ne suka mayar da wannan ƙorafi daga hirar shago zuwa teburin gwamnati. Na farko, a farkon Fabrairun 2014 guguwa ta rushe katangar bakin teku a garin Dawlish, ta bar ƙarafunan layi suna reto a sama. Wannan shi ne layi ɗaya tilo da ya rage yana haɗa Plymouth da Cornwall baki ɗaya da sauran ƙasar, saboda haka wata biyu cur aka yi babu jirgi, sai a Afrilu aka buɗe shi, daga baya kuma aka kashe kimanin fam miliyan 80 wajen gina sabuwar katanga. Nan take mutane suka tuna cewa da can akwai layi na biyu ta cikin ƙasa, wanda aka katse a 1968, wanda kuma yanzu masu keke ke bin wani sashe nasa. Na biyu, a watan Nuwamban 2021 aka maido da jirgin fasinja na kullum tsakanin Exeter da Okehampton bayan kusan shekara 50, a kan kuɗi kimanin fam miliyan 40, kuma a shekarar farko aka yi tafiye-tafiye fiye da 250,000 a kansa, adadin da ya zarce hasashen masana nesa ba kusa ba. Daga nan sauran garuruwa suka ce, in Okehampton ta samu, mu me muka yi?

A nan ne tsofaffin abokai suka fara kallon juna a kaikaice. Masu fafutukar maido da jirgi tsakanin Barnstaple da Bideford suna cewa asalin hanyar ta jirgi ce, kuma za a iya shimfiɗa layi guda a bar wa keke wuri a gefensa. Masu keke da masu shagunan da suka dogara da su suna amsawa da cewa a wurare da dama filin bai kai faɗin da zai ɗauki biyun ba, musamman a kan gadoji da cikin ramukan da aka huda da inda ruwa ya matse hanyar, kuma duk inda aka karkatar da mai keke zuwa titin mota ko da na kilomita ɗaya ne, to an karya sharaɗin da ya sa iyalai ke zuwa. Irin wannan taƙaddama an daɗe ana yin ta a Cornwall, inda masu tafiyar da tsohon jirgin tururi na Bodmin suka nemi miƙa layinsu zuwa Wadebridge a gefen hanyar Camel. Abin lura shi ne dukkan ɓangarorin biyu masu neman rage mota ne, amma ga su suna ja-in-ja a kan 'yar siririyar ƙasa, alhali titin mota da ya cinye musu kasuwa tun farko babu mai tambayarsa ya matsa.

Ra'ayina a kan wannan shi ne, titin keke mai riƙon amana ne, kuma darajarsa mafi girma tana cikin abin da ya hana aukuwa. Dalilin da ya sa ake ma iya gardamar maido da jirgi Bideford a yau shi ne filin yana nan a dunƙule a hannun hukuma guda, gadojinsa a tsaye, kullum akwai idon jama'a a kansa. Dalilin da ya sa aikin Okehampton ya yi arha kuma aka gama shi cikin watanni shi ne ba a taɓa cire layin ba, domin jiragen ɗaukar dutse daga ma'adinar Meldon sun ci gaba da bin sa. A Tavistock kuwa, inda aka bari aka yi gine-gine a kan wani sashe na tsohon layin, duk mai son sake ɗinke shi sai ya yi fama da rusau da diyya ko ya nemi sabuwar hanya. Amurkawa sun fahimci wannan tun 1983, lokacin da suka yi dokar da ta ba da damar a mayar da layin da aka daina amfani da shi hanyar keke da ƙafa, bisa sharaɗi rubutacce cewa filin ajiya ne, ranar da jirgi ya buƙace shi za a mayar masa. Rashin irin wannan sharaɗi a rubuce tun farko shi ne, a ganina, tushen rikicin Devon da Cornwall, domin amanar da ta daɗe a hannu ba tare da takarda ba, mai riƙon ta kan fara ganin ta zama gado.

Ba kuma dole ne sai ɗaya ya kori ɗaya ba. A bakin kogin Exe, tsakanin Exmouth da Exeter da Dawlish, hanyar keke tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da layukan da jirage ke bi kullum, a wasu wuraren a kan dandamalin katako da aka kafa bisa fadama. Hakan na da tsada, amma ya nuna cewa matsalar ta kuɗi ce da tsari, ba wai abu ne da ba zai yiwu ba. Soke shirin da Reeves ta yi a 2024 ya ɗage ranar yanke hukunci ne kawai. Masu keke sun samu sararawa, garuruwan da ke jiran jirgi sun koma neman kuɗi ta wasu ƙofofi, teku kuma bai fasa cin gaɓa ba.

Me ya kawo wannan dogon labari shafin da 'yan Arewa ke karantawa? Turawan da suka shimfiɗa waɗancan layuka su ne suka shimfiɗa namu, kuma mu ma muna da kufai. Jirgi ya iso Kano a 1911, reshen Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda ya kammala a 1929, na Kano zuwa Nguru a 1930, na Maiduguri a 1964. Ƙaramin layin da ya haɗa Zariya da Jos domin jigilar kuza, mai tsawon fiye da kilomita 200, an rufe shi tun 1957, kuma yau sai mai bincike ne zai iya nuna maka inda ya bi a wurare da yawa. Wannan shi ne makomar filin da aka bari babu mai riƙo. Sababbin layukan da ake ginawa, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, faɗinsu daban, kuma ba lalle su bi sawun tsofaffin ba, ke nan tambayar me za a yi da tsohon fili tana nan tafe. Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya ta sha kokawa kan masu mamaye filayenta da ɓarayin da ke kwance ƙarafunan layi, kuma duk wanda ya bi gefen dogo a manyan garuruwanmu ya ga rumfunan kasuwa da juji da katangun da ke matsowa taku-taku. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi hurumin shiga harkar jirgin ƙasa, saboda haka gwamnoni ba su da sauran uzurin cewa abin na Abuja ne kaɗai.

Ba ina cewa a kwaso tsarin Cornwall a dasa a Kano ko Zariya ba. Zafin ranarmu daban, halin tsaron karkararmu kowa ya san shi, kuma buƙatarmu ba ta yawon shan iska ba ce. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, malamin makaranta da ƙaramin ma'aikaci da ɗalibi da yawa suka koma kallon keken da iyayenmu suka yi alfahari da shi a zamanin Raleigh. Abin da ke hana su shi ne tsoron titi. Masu shekaru za su tuna marigayi Ojo Maduekwe, ministan sufuri a gwamnatin Obasanjo, wanda ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su hau keke a 2001, har wata motar bas ta ture shi cikin kwata a Abuja, jama'a suka mayar da abin barkwanci. Maganarsa ba ta rasa gaskiya ba, kuskurensa shi ne ya ce a hau keke bai tanadi inda za a hau ba.

Shawarata ga gwamnatocin jihohi da hukumar jiragen ƙasa ita ce su fara da abin da bai buƙatar bashin waje. A auna filin dogo a cikin birane da kewayensu, a kafa masa duwatsun iyaka, a wallafa taswirarsa kowa ya gani. Inda faɗin ya isa, a shimfiɗa siririyar hanyar keke da ƙafa a gefe ba tare da an taɓa ƙarfe ko ɗaya ba, a raba ta da layin da shinge, a dasa darbejiya domin inuwa, a kafa turaku a mashigai yadda ɗan acaɓa da A-daidaita-sahu ba za su iya kutsawa ba, domin ranar da suka shiga ranar hanyar ta mutu. Sannan a rubuta a cikin yarjejeniya, baƙi a kan fari, cewa filin na jirgi ne, keke ajiya aka ba shi. Mutanen Devon da Cornwall sun yi sa'ar samun waɗanda suka riƙe musu filin shekara arba'in har suka samu abin yin gardama a kai. Mu in muka ƙara shekara ashirin muna kallo, ranar da jikokinmu suka tashi neman inda za su shimfiɗa layi ko titin keke, shaguna da gidajen mutane za su tarar, kowane da takardar mallakarsa a hannu.